Ruwa, Gishiri da Tsamin Jini: Yadda Asibiti Ke Ba Kowace Cuta Lambarta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya babban asibiti ya san ofishin kati. A nan ake rubuta suna, a buɗe fayil, a ba mutum lamba. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, ita ma cutar tana da tata lambar. Bayan an sallami majinyaci, fayil ɗinsa yakan koma hannun jami'in adana bayanan lafiya. Shi kuma sai ya karanta abin da likita ya rubuta, ya mayar da sunan cutar zuwa harafi ɗaya da 'yan alƙaluma. Lambar kwalara A00 ce, ko a Katsina ko a Alƙahira ko a Tokiyo. Ƙarewar ruwan jiki kuwa lambarta E86.

Wannan darasi zai duba rukuni ɗaya na waɗannan lambobi, wato waɗanda suka shafi rikicewar ruwa da gishiri da tsami a jikin ɗan Adam. An zaɓi wannan rukuni ne saboda ya shafi yankinmu kai tsaye. Amai da gudawa na cikin cututtukan da suka fi kashe ƙananan yara a Arewacin Nijeriya, kuma mafi yawan waɗanda suke rasuwa, ƙarewar ruwa da gishirin jiki ne ajalinsu. Za a ɗauki misalai daga ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ke kudancin Jihar Katsina. Amma kafin a kai ga lambobin, ya wajaba ɗalibi ya fahimci abin da suke wakilta.

Ruwan da ke jikin mutum

Kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi namiji ruwa ne. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da ruwa kamar lita 42, wato abin da ya ɗara jarka biyu masu cin lita 20. Daga cikin wannan, kimanin lita 28 suna cikin ƙwayoyin halitta, saura lita 14 kuma suna wajensu. A cikin lita 14 ɗin nan, kamar lita 3 ne kawai suke gudana a matsayin ruwan jini. Jariri sabon haihuwa ya fi baligi ruwa, domin nasa yakan kai kashi 75 cikin 100, kuma yana saurin rasa shi. Wannan ne dalilin da ya sa gudawar kwana ɗaya, wadda babba zai jure, take iya kwantar da yaro.

Kowace rana ruwa yana shiga jiki ta abin sha da abinci, yana fita ta fitsari da gumi da numfashi da bayan gida. Ƙoda ce mai kula da wannan ma'auni. Ƙodojin mutum biyu suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini a kowace rana, amma kusan dukkansa suke mayarwa, abin da ke fita a matsayin fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Idan ruwa ya yi ƙaranci, kamar ga manomin da ya yini yana huɗa cikin rana, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta rage fitsari, sannan ta tayar da ƙishirwa. Shi ya sa fitsarin mai azumi a lokacin bazara yake fitowa kaɗan, kuma launinsa ya yi duhu.

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Saboda haka ma'aunin nauyi yana iya nuna yawan ruwan da aka rasa. Yaro mai kilo 10 da gudawa ta mayar da shi kilo 9 ya rasa lita ɗaya, wato kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Wannan ya kai matakin da likitoci suke kira matsananciyar ƙarewar ruwa.

Gishirin jiki

Ruwan jiki ba zallan ruwa ba ne, duk wanda gumi ya taɓa shiga bakinsa ya san haka. Idan gishiri ya narke a ruwa yakan rabu zuwa ƙananan ɓurɓushi masu ɗauke da cajin lantarki. Su ake kira ilektirolait. Manya daga cikinsu su ne sodiyam da fotasiyam da kuloraid da bayikabonet. Ana auna su da ma'aunin milimol a kowace lita.

Sodiyam shi ne babban gishirin da ke wajen ƙwayoyin halitta. A jinin mai lafiya yana tsakanin milimol 135 da 145. Ruwa yana bin sodiyam duk inda ya fi yawa. Idan ya yi ƙasa ƙwarai a jini, sai ruwa ya kwarara cikin ƙwayoyin halitta su kumbura. Ƙwaƙwalwa kuwa tana cikin ƙoƙon kai, ba ta da wurin kumbura, sai a ga marar lafiya ya ruɗe ko yana jijjiga. Idan kuma sodiyam ya yi yawa, sai ya zuƙe ruwa daga ƙwayoyin su yanƙwane.

Fotasiyam shi ne kishiyarsa, domin kusan dukkansa yana cikin ƙwayoyin halitta. Abin da ke jini ɗan kaɗan ne, tsakanin milimol 3.5 da 5.0. Wannan bambanci tsakanin ciki da waje shi ne ke ba jijiyoyi da tsoka damar aiki, kamar yadda batir yake aiki saboda bambancin kawunansa biyu. Zuciya ma tsoka ce. Idan fotasiyam ya yi ƙasa, jiki yakan mutu, ciki ya kumbura saboda hanji ya daina motsi, bugun zuciya kuma ya rikice. Idan ya yi yawa, kamar yadda yakan faru in ƙoda ta gaza, zuciya tana iya tsayawa ba tare da gargaɗi ba.

Tsami da kanwa

Ilimin asid da alkali ba baƙo ba ne a madafar Bahaushe. Tsamiya da lemon tsami da yakuwa duk asid gare su. Kanwa da ruwan toka kuwa alkali ne. Matar da ta jefa ɗan gutsuren kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami, aikin da jini ke yi kullum ta yi. Ita kanwa, mafi yawanta sinadaran kabonet da bayikabonet na sodiyam ne, kuma bayikabonet shi ne babban makamin jini wajen kashe tsami.

Ana auna tsami da ma'aunin pH, wanda wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Denmak mai suna Soren Sorensen ya ƙirƙiro a 1909. Ma'aunin yana tafiya daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, abin da ya gaza 7 asid ne, abin da ya wuce 7 kuma alkali. Jinin mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45. Kada ɗalibi ya raina wannan 'yar tazara. Kowane mataki ɗaya a ma'aunin ninki goma ne, saboda haka jinin da ya sauko daga 7.4 zuwa 7.1 tsaminsa ya ninka sau biyu.

Jiki yana samar da asid a kowane lokaci. Ƙona abinci yana haifar da iskar kabon, ita kuma idan ta narke a jini sai ta zama asid. Gaɓoɓi biyu ne suke kula da lamarin. Huhu yana fitar da iskar kabon cikin mintuna, ƙoda kuma tana zubar da asid ta fitsari tana adana bayikabonet, amma aikinta yana ɗaukar sa'o'i ko kwanaki. A jinin mai lafiya bayikabonet yana tsakanin milimol 22 da 26.

Idan bayikabonet ya zube ta gudawa, ko asid ya taru saboda ciwon sukari ko gazawar ƙoda, jini yakan yi tsami. Sai huhu ya shiga ƙoƙarin ramawa, a ga marar lafiya yana jan numfashi mai zurfi da sauri alhali ƙirjinsa lafiya lau. Wani likitan Jamus, Adolf Kussmaul, shi ya bayyana irin wannan numfashi a 1874 ga masu ciwon sukari. Idan kuwa amai ne ya yi yawa ba tare da gudawa ba, asid ɗin tumbi ne yake zubewa, sai jini ya karkata zuwa ɓangaren alkali.

Abin da kwalara ke yi

Babu cutar da ta fi kwalara nuna waɗannan abubuwa a fili. Ƙwayar cutar tana shiga ta gurɓataccen ruwa ko abinci, ta zauna a ƙaramin hanji, ta saki dafi. Wani masani ɗan Indiya, Sambhu Nath De, shi ya tabbatar da samuwar wannan dafi a 1959. Dafin yana sa bangon hanji ya riƙa kwararo kuloraid, sodiyam da ruwa su biyo baya. Baligi yana iya rasa lita ɗaya a sa'a ɗaya, gudawar kuma fara ce kamar ruwan wankin shinkafa. Tare da ruwan akwai fotasiyam da bayikabonet masu yawa. Wato cuta ɗaya ta haifar da matsala uku: ruwa ya ƙare, fotasiyam ya yi ƙasa, jini ya yi tsami.

Tun a 1831 wani likita ɗan Ayalan, William O'Shaughnessy, ya auna jinin masu kwalara ya gano ruwa da gishiri ne suka ƙare. A 1832 Thomas Latta na garin Leith a Sukotland ya fara ɗura wa irin waɗannan majinyata ruwan gishiri ta jijiya. Wannan shi ne asalin ƙarin ruwa da ake yi a asibitocinmu. Babban ci-gaba ya zo ne bayan da Robert Crane ya bayyana a 1960 cewa hanji yana tsotse sodiyam tare da sukarin gulukos ta ƙofa ɗaya. Dafin kwalara bai rufe wannan ƙofa ba. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan ƙari kuma ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa ba majinyata ruwan gishiri da sukari ta baki. Mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4.

Ƙullin garin ORS da ake samu a asibitoci da kemis a yau, wanda ake narkawa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, yana ɗauke da giram 2.6 na gishiri, giram 13.5 na gulukos, giram 1.5 na gishirin fotasiyam da giram 2.9 na sitiret. Ɗalibi zai lura cewa kowane ɗaya yana da aikinsa. Sitiret, alal misali, jiki yana mayar da shi bayikabonet don ya kashe tsamin jini. Kwalarar da ba a yi wa magani ba tana iya kashe rubu'i zuwa rabin waɗanda ta kama da tsanani, amma idan aka mayar da ruwa da wuri, masu rasuwa ba su kai ɗaya cikin 100 ba.

Asalin lambobin cututtuka

Ƙidayar abin da ke kashe mutane tsohon aiki ne. A 1662 John Graunt ya nazarci takardun mace-macen birnin Landan ya fitar da lissafi. Matsalar da aka daɗe ana fama da ita ita ce bambancin suna. Ko a Hausa, wani zai ce kwalara, wani ya ce amai da gudawa, wani ya ce zawo, wani kuma ya ce annoba. Idan kowane asibiti ya rubuta sunan da ya ga dama, ba za a iya tara lissafin wuri ɗaya ba.

A 1893 taron masana ƙididdiga na duniya da aka yi a Cikago ya amince da jerin dalilan mutuwa da Jacques Bertillon na birnin Faris ya tsara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamar wannan jeri a 1948, lokacin bugu na shida, kuma daga nan ne aka shigar da cututtukan da ba su kai ga kisa ba. Sunan littafin Kundin Rarraba Cututtuka na Duniya, ana kuma taƙaita shi da haruffan ICD. An amince da bugu na goma a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi a 1994. An amince da bugu na goma sha ɗaya a 2019, ya fara aiki a hukumance ranar 1 ga Janairun 2022. Sauyawa daga wani bugu zuwa wani yana ɗaukar shekaru, saboda haka har yanzu ICD-10 ne aka fi sani a asibitoci da yawa, kuma da shi za a yi wannan darasi.

Lambobin rukuninmu

A ICD-10 kowace lamba tana farawa da harafi, sai alƙaluma biyu, wani lokaci kuma a ƙara ɗigo da alƙalami na uku don ƙarin bayani. Babi na huɗu, mai lambobin E00 zuwa E90, ya ƙunshi cututtukan sinadaran jiki da na abinci mai gina jiki. A nan rukuninmu yake:

E86: ƙarewar ruwan jiki.
E87.0: yawan sodiyam a jini.
E87.1: ƙarancin sodiyam a jini.
E87.2: tsamin jini.
E87.3: karkatar jini zuwa alkali.
E87.4: gamayyar rikicewar asid da alkali.
E87.5: yawan fotasiyam.
E87.6: ƙarancin fotasiyam.
E87.7: ruwa ya yi wa jiki yawa.
E87.8: sauran rikice-rikicen ruwa da gishiri da ba a ware musu wuri ba.

A bugu na tara duk waɗannan suna ƙarƙashin lamba 276. A bugu na goma sha ɗaya kuma sun koma 5C70 zuwa 5C7Z, kwalara kuwa ta zama 1A00.

Ƙa'idojin aiki da su

Ƙa'ida ta farko: jami'in lamba ba likita ba ne. Abin da likita ya rubuta shi yake mayarwa lamba. Idan ya ga takardar ɗakin gwaji ta nuna fotasiyam 2.8 amma likita bai ambaci ƙarancin fotasiyam ba, ba zai rubuta E87.6 da kansa ba, sai ya koma ya tambaya.

Ƙa'ida ta biyu: a nemi tushe. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, haka shi ma jini. Lambobin E86 da E87 galibi sakamako ne na wata cuta. A ɗauka an kawo wani magidanci daga wani ƙauye a Faskari, gwaji ya tabbatar da kwalara nau'in El Tor, likita kuma ya rubuta ƙarewar ruwa da tsamin jini da ƙarancin fotasiyam. Babbar cutarsa A00.1 ce. Lambobin E86 da E87.2 da E87.6 za su biyo baya a matsayin ƙari. Idan gudawa ce da ba a gano ƙwayar da ta haddasa ta ba, sai a yi amfani da A09.

Ƙa'ida ta uku: a duba abin da kundin ya keɓe. Ƙarewar ruwa ga jariri sabon haihuwa ba ta shiga E86, lambarta P74.1. Idan ruwa ya ƙare har jini ya kasa zagayawa, akwai R57.1. Tsamin jinin da ciwon sukari ya kawo yana tafiya ne tare da lambar ciwon sukarin, kamar E10.1, ba a E87.2 ba.

Ƙa'ida ta huɗu ta shafi takardar shaidar mutuwa. A tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, likita yana rubuta abin da ya kashe mutum kai tsaye a layin farko, abin da ya jawo shi a layi na biyu, har a kai ga tushe a layin ƙarshe. Tushen shi ne ke shiga ƙididdigar ƙasa. Idan likita ya rubuta ƙarewar ruwa kawai ya tsaya, kwalarar ta ɓace daga lissafi. Hukuma ba za ta san akwai rijiyar da ke buƙatar a zuba mata sinadarin kulorin ba.

Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Kwalara nau'in El Tor ta fara yaɗuwa daga tsibirin Sulawesi na Indunusiya a 1961, ta iso Nijeriya a ƙarshen 1970. A 1991 an samu rahoton mutum sama da 59,000 da suka kamu, fiye da 7,600 suka rasu. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, kimanin 3,600 kuma suka rasu. Katsina na cikin jihohin da abin ya shafa ƙwarai a wannan shekara.

Waɗannan alƙaluma daga ƙasa suke tasowa. Ma'aikacin ƙaramin asibiti yana cike rajista, ya sanar da jami'in sa-ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, shi kuma ya aika Katsina, daga nan sai Abuja. A wannan mataki da sunan cuta ake aiki, lambobin ICD kuwa sun fi ƙarfi a manyan asibitoci. Amma manufar ɗaya ce, wato kowa ya kira abu ɗaya da suna ɗaya.

Ƙananan hukumomin nan uku suna nuna inda wannan sarƙa take iya tsinkewa. Ƙanƙara da Faskari suna maƙwabtaka da Jihar Zamfara, Sabuwa kuma da Jihar Kaduna, duk kuwa sun sha fama da 'yan bindiga. Sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300 a watan Disambar 2020 shi ne abin da duniya ta fi ji. Inda aka tayar da ƙauye, mutane sukan cunkushe a gari, rijiya ɗaya da masai ɗaya su ɗauki jama'ar da ta fi ƙarfinsu. Haka ƙwayar kwalara take so, musamman da damina. Inda hanya ba ta biyuwa da dare, mai gudawar da ta fara bayan isha'i yana iya rasa lita da yawa kafin gari ya waye. A watan Satumbar 2021, ana tsakiyar annobar, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda dalilan tsaro, ciki har da waɗannan uku. Duk rahoton da a da ake aikawa ta waya, dole ya jira mai ɗauke da shi.

Akwai kuma batun kayan aiki. Ana iya gane E86 da ido da hannu: idanu sun faɗa, maɗigar jariri ta lotsa, baki ya bushe, fatar ciki idan aka tsunkula ba ta komawa da sauri, yaro ya kasa sha. Amma sodiyam da fotasiyam da bayikabonet sai da na'urar gwajin jini, wadda ke buƙatar lantarki da sinadarai da ƙwararren ma'aikaci. Saboda haka idan mai bincike ya tarar da E87.6 da yawa a fayilolin asibitin koyarwa na Shika a Zariya, bai same ta a rajistar wani ƙauyen Sabuwa ba, kada ya ce mutanen Sabuwa ba su da ƙarancin fotasiyam. Abin da ya gano kawai shi ne inda na'ura take. Haka nan wanda ya rasu a gida aka yi masa sutura kafin azahar, ba shi da lamba ko kaɗan. Don cike wannan giɓi ne masu bincike suke bin gidaje suna tambayar iyalai alamomin da suka gani kafin rasuwa, sannan a ƙiyasta dalilin.

Tamowa ta ƙara dagula lamarin. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana jinyar yara masu tamowa a Katsina tun 2021. Jikin irin wannan yaro yana da ƙarancin fotasiyam, sodiyam kuma ya taru a ƙwayoyin halittarsa, zuciyarsa ba ta da ƙarfi. Idan aka ɗura masa ruwa da sauri kamar sauran yara, yana iya faɗawa E87.7, ruwa ya cika masa huhu. Shi ya sa aka tanadi wani haɗi na musamman mai suna ReSoMal, mai ƙarancin sodiyam da yawan fotasiyam, don masu tamowar da gudawarsu ba kwalara ba ce. A fayil ɗin irin wannan yaro dole lambar tamowa, E40 zuwa E43, ta bayyana, domin ita ce ke bayyana dalilin sauya magani.

Abin da ya kamata kowane gida ya sani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa masu gudawa kashi uku. Wanda bai nuna alamar ƙarewar ruwa ba, ana kula da shi a gida da ORS. Wanda ya fara nuna alama, ana ba shi mililita 75 ga kowane kilo na nauyinsa cikin sa'a huɗu. Wanda ya yi tsanani kuwa sai ƙarin ruwa ta jijiya a asibiti ba tare da jinkiri ba. Ana kuma ba yara ƙwayar zinki tsawon kwana 10 zuwa 14, kuma ba a dakatar da nono. Idan babu ƙullin ORS, ana narka ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri, duka a shafe, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, kafin a kai ga asibiti. Awo yana da muhimmanci. Gishirin da ya wuce kima yana kai yaro ga E87.0, zallan ruwa kuma ba tare da gishiri ba yana iya kai shi ga E87.1.

Kammalawa

Lambar cuta ba ta warkar da kowa, amma da ita ake sanin yawan ledojin ƙarin ruwa da za a aika Funtuwa ko Malumfashi kafin damina, da asibitin da ya fi buƙatar na'urar gwajin jini. Ɗalibin da yake son kimiyyar halittu da lissafi yana iya sa ido ga wannan fanni, domin ana koyar da adana bayanan lafiya a makarantun fasahar kiwon lafiya da na asibitocin koyarwa, kuma yana da hukumar da ke yi wa ma'aikatansa rajista tun 1989.

Aikin aji

1. Malami ya jiƙa zoɓo, ya raba ruwan a kofi uku. A bar na farko yadda yake, a matsa lemon tsami a na biyu, a zuba ruwan kanwa a na uku. Ɗalibai su rubuta launin kowane kofi. Sannan a riƙa ɗiga lemon tsami a kofi na uku har launinsa ya dawo. Mene ne wannan ya nuna game da aikin bayikabonet a jini?

2. Yarinya mai nauyin kilo 12 ta fara nuna alamar ƙarewar ruwa. Mililita nawa na ORS za a ba ta cikin sa'a huɗu?

3. An kwantar da wata mata daga Ƙanƙara. Likita ya rubuta gudawa da ba a gano ƙwayarta ba, ƙarewar ruwa, da ƙarancin sodiyam. Wace ce babbar lamba, waɗanne ne na ƙari?

4. Me ya sa mai tsamin jini yake jan numfashi mai zurfi alhali huhunsa lafiya?

5. Wata takardar shaidar mutuwa tana ɗauke da kalmomin ƙarewar ruwa kawai. Wace tambaya ya kamata jami'in lamba ya yi wa likita, kuma me al'umma za ta rasa idan bai yi ba?